3.4 Adadi a Matsayin Hujja: Palmer da Shekarun Sarakunan Kano

Daga cikin hanyoyin da manazarci yake bi don mai karatu ya amince da maganarsa, akwai kawo madogara, da yin ƙarin bayani a ƙasan shafi, da buga aiki a mujallar da masana suke girmamawa. Amma babu wadda ta kai adadi saurin shiga zuciya. Idan aka ce abu ya faru "a zamanin da", mai karatu zai ɗauke shi labari ne. Idan kuwa aka ce ya faru a shekarar 999, sai ya ɗauke shi tarihi. Wannan sashe zai dubi yadda hakan ta kasance a aikin Palmer (1908).

H. R. Palmer jami'in mulkin mallaka ne da ya yi aiki a Katsina. Shi ne ya fassara littafin nan na Larabci da aka fi sani da Tarihin Kano zuwa Ingilishi, ya buga shi a mujallar wata cibiyar nazarin ɗan'adam da ke Landan a 1908, sannan aka sake buga shi a 1928 cikin tarin ayyukansa. Littafin ya jero sarakuna 48, tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello, kuma marubucinsa bai bayyana sunansa ba. Abin lura a nan shi ne, abin da littafin yake bayarwa shi ne tsawon mulkin kowane sarki, wato wane ya yi shekara kaza, wane wata kaza, wani ma 'yan kwanaki kawai. Shekarun hawa da na sauka da ake gani a gaban sunan kowane sarki a fassarar, lissafin Palmer ne. Ya kama daga sarkin ƙarshe ne ya riƙa ɗebe shekaru yana komawa baya, har ya tsaya a Hijira 389, wadda ta yi daidai da 999 Miladiyya, a matsayin shekarar hawan Bagauda. Shi ya sa za a ga an ba Bagauda shekara 66, alhali daga 999 zuwa 1063 shekara 64 ce, domin an ɗauki shekarun littafin a matsayin na wata, aka juya su zuwa na rana.

Lissafin ba laifi ba ne, hasali ma ya sauƙaƙa wa masu nazari aiki. Inda matsalar take shi ne siffar da aka ba shi a shafi. A dubi Muhammadu Rumfa, wanda aka ba 1463 zuwa 1499. Wannan yana da shaida daga wajen littafin, domin Shehu Magili ya zo Kano a zamaninsa, ya kuma rubuta masa wasiyya a wajejen 1492. Ke nan lissafin da shaidar sun tallafi juna. Bagauda kuwa ba shi da irin wannan shaida, kuma tsakaninsa da Rumfa akwai kusan shekara ɗari huɗu da aka dogara kacokan ga abin da aka ji daga bakin magabata. Kuskuren shekara biyu ko uku a mulkin sarki ɗaya, ko mance sunan wani, zai gusar da duk lissafin da ke bayansa. Duk da haka shekarun sarakunan biyu sun zo da kama ɗaya, a wuri ɗaya, da lambobi iri ɗaya, ta yadda ƙarfin na Rumfa ya rufe raunin na Bagauda.

Daga nan sai wata ƙa'idar ta kama aiki, wato ta kawo madogara. Marubuci zai rubuta 999 ya jingina ga Palmer, wani ya jingina ga wannan marubucin, har adadin ya shiga littattafan makaranta da jawaban bukukuwa ba tare da kalmar "wajejen" ba. Yawan masu faɗa sai ya yi kama da yawan shaidu, alhali duk rijiya ɗaya suka ɗiba. Malaman Hadisi sun daɗe da sanin wannan, domin ruwaya goma da suka koma ga mutum ɗaya ba a ƙirga su goma.

Masanan da suka sake waiwayar littafin su ma da ƙa'idojin nan suka yi aiki, sai dai sun buɗe wa mai karatu hanyar da suka bi. Last (1980) yana ganin an fara harhaɗa littafin ne a tsakiyar ƙarni na 17, kuma labaran farkonsa sun fi kusa da hoton yadda Kanawan lokacin suke fahimtar asalinsu. Smith (1983) bai amince ba, ya fi ba littafin gaskiya a matsayin tarihi. Hunwick (1994) ya sake auna hujjojin ɓangarorin biyu. Amincin da waɗannan ayyuka suka samu ya zo ne daga yadda kowanensu ya nuna inda hujjarsa ta tsaya da inda hasashe ya fara, har ma suka yawaita kalmomi irin su "wataƙila" da "ga alama", waɗanda ɗalibai da yawa suke gudu a kundayensu don tsoron kada a ce ba su tabbatar da bincikensu ba.