Masu Haƙa Kabari da Ilimin da ke Hannunsu

Wanda ya shiga maƙabarta a Bebeji ko Tudun Wada yana neman gine-gine da duwatsu masu rubutu ba zai samu ba. Addini bai yarda da ƙawata kabari ba, shi ya sa ba a ganin gini sai a wurare ƙalilan irin Hubbaren Shehu a Sakkwato. Gwanintar da ake yi a nan tana ƙarƙashin ƙasa, a hannun masu haƙa kabari.

Da karan dawa ake fara aikin. A gidan rasuwa a auna tsawon mamaci da shi, a aika maƙabarta, kafin a gama wanka da likkafani sun yi nisa da diga da shebur. Daga kudu zuwa arewa suke jan ramin, domin a kwantar da mamaci a kan damansa, kai a kudu, fuska na kallon alƙibla. Sai su fitar da uwar kabari mai faɗi, a tsakiyarta kuma su yanka ɗan kabari, matsattse daidai jiki. A nan ake gane gwani. In ɗan ya yi faɗi, itacen rufi ba zai sami wurin zama ba. In gefen ya yi laushi, damina ɗaya ta isa ta rufta da shi. Shi ya sa bayan an jera itace ko fasassun tukwane suke bi da kwaɓaɓɓiyar laka suna toshe kowace kafa, kada ƙasa ta zubo wa mamaci, sannan a tara tudu kamar taƙi guda a yayyafa ruwa.

Ƙasar ma ba iri ɗaya ba ce. Mai haƙa a wajen Riruwai ta Doguwa da tsakuwa da dutse yake fama, ga ruwan sama mai yawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙwaƙwalwarsu. Babu allo, babu lamba, amma dattijon maƙabarta zai kai ka kan kabarin kakanka ta wata bishiya ko sakaina, ya kuma san inda in an sara za a tarar da wani. A watan Afrilun 2020, masu haƙa a maƙabartun Kano irin su Dandolo suna cikin waɗanda suka fara sanar da duniya cewa mace-mace sun yi yawa, domin su ne suka san kabari nawa suka saba haƙawa a rana. Akasarinsu ba su da albashi, sai ɗan abin sadaka da dangin mamaci suka miƙa musu.