Wa Ke Ba Da Labarin? Darasi Daga Ruwan Bagaja

Ku 'yan makaranta, yawancinku in kun gama littafi sai ku ce ya yi daɗi, ko bai yi ba, shi ke nan. To, akwai tambayar da ta kamata mai karatu ya fara yi tun a shafin farko: daga bakin wa labarin nan ya ke fitowa?

Bari mu ɗauki Ruwan Bagaja, wanda Malam Abubakar Imam ya rubuta don gasar da Ofishin Fassara na Zariya ya shirya a 1933, aka buga shi a 1934. Mawallafin ya buɗe littafin da bakinsa, ya kawo mu Kwantagora tare da Koje Sarkin Labari, sa'an nan ya ja da baya, ya bar Alhaji Imam da magana. Daga nan duk ƙasar da muka shiga, da idon Alhaji mu ke ganinta. Kada sunan ya ruɗe ku. Imam mai alƙalami daban, Imam mai yawo daban. Na farko shi ya ƙagi na biyu.

To, wane irin mutum ne wannan da muka ba amanar kunnuwanmu? Da bakinsa ya gaya mana yadda ya yi ta shirga wa mutane ƙarya, yana yi musu wayo gari gari. Mutumin da ya ce ya ruɗi sarakuna da attajirai, me zai hana shi ƙara gishiri gaban Koje da jama'ar da suka taru? Ga shi a gidansa ya ke zaune, cikin daula, ba kuwa wanda ya raka shi ƙasar aljannu balle ya ƙaryata shi.

Ku dubi kuma al'amarinsa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Su biyu ɗin nan halinsu ɗaya, wannan ya cuci wancan, wancan ya rama. Amma in Alhaji ya yi nasa, sai mu yi dariya mu ce dabara. In Zurƙe ya yi, sai mu ji haushi mu ce mugunta. Me ya kawo bambancin? Ba kome ba ne sai don Alhaji ke riƙe da zaren magana. Ya gaya mana dalilinsa na barin gida, watau neman ruwan da zai warkar da ɗan Sarki, saboda haka muna yi masa uzuri. Zuciyar Zurƙe kuwa ba a taɓa buɗe mana ita ba. Wanda ya ba da labarin kokawa bayan abokin karawarsa ya tafi, da wuya ƙasa ta taɓa bayansa.

Ba laifi mu ke ɗora wa littafin ba. A ganinmu nan ne ma gwanintar ta ke, gama waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma da mawallafin ya tsaya yana tantance mana gaskiya da ƙarya, da armashin ya gudu.

Kada kuma ku zaci maƙaryaci kaɗai a ke bincika. A Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar nan, malami ne mai tsoron Allah ke ba almajiransa tarihinsa. Ba mu tuhumarsa da ƙarya. Duk da haka, ƙorar Makau da wahalar uwarsa wajen nemansa ba a gabansa aka yi su ba, ji ya yi. Mai gaskiya ma iyakar ganinsa iyakar inda ya tsaya.

Saboda haka ga aiki mun ba ku. Kowa ya zaɓi karo ɗaya da Alhaji ya yi da Zurƙe, ya sāke rubuta shi a shafi guda kamar Zurƙe ne ke faɗi, kada ya canza abin da ya auku. Za ku ga yadda mai laifi ya ke komawa mai gaskiya. A cikinku akwai waɗanda wata rana za a kawo wa ƙara, kowane mai ƙara kuwa Alhaji ne a cikin nasa labari. Wanda ya saba tambayar ina Zurƙe tun yana kan benci, ba zai yanke hukunci da jin baki ɗaya ba.