Kiɗan Japan a filin rawa: ado ne ko ginshiƙi?

Duk wanda ya shiga intanet neman kiɗan da ya gama amon gargajiyar Japan da kiɗan rawa na zamani zai iske kaya jibge. Sai dai hanjin jimina ne, akwai na ci, akwai na zubarwa. Ma'aunin tantancewa kuwa guda ne: a cire abin kiɗan gargajiyar, a sake saurare. In babu abin da ya rushe, to ado kawai aka yi da shi.

Tushen matsalar a fili yake. Kiɗan rawa irin su house da techno na'ura ce ke jan akalarsa, bugu huɗu-huɗu daidai wa daida, kimanin 120 zuwa 130 a minti guda. Kiɗan Japan kuwa yana girmama abin da suke kira "ma", wato shirun da ke tsakanin sauti da sauti. Mai busa shakuhachi, sarewarsu ta gora, numfashinsa shi ne agogonsa. Da zarar an ɗaure shi ga bugun na'ura, wannan shirun ne ke fara mutuwa.

A dubi Ryoichiro da Kenichi Yoshida, wa da ƙane daga tsibirin Hokkaido, waɗanda suka fitar da faifansu na farko, Ibuki, a 1999. Suna kaɗa shamisen, mai tsirkiya uku kamar molo, bisa salon Tsugaru da makafi masu bara ƙofa-ƙofa suka raya a arewacin Japan. Salo ne mai duka da ƙarfi, shi ya sa bai ƙi ganga ba. A 2006 kamfanin Nintendo ya yi tallar Wii a Amurka da kiɗansu Kodo, bayan an sake masa zubi da na'ura. Suna ya tafi duniya, amma an yi hasara: gwanintar Tsugaru ita ce makaɗi ya ƙirƙira nan take, ya miƙe, ya karkace yadda ya ga dama, alhali sabon zubin ya tsare shi cikin awo.

Soichi Terada ya bi wata hanya. A aikinsa mai suna Omodaka, wanda ya soma a 2001, ya ɗauki muryar Akiko Kanazawa, gwanar waƙoƙin karkara da ake kira minyo, ya shimfiɗa mata amon tsofaffin na'urorin wasan yara. A Kokiriko Bushi, tsohuwar waƙar ƙauyukan Gokayama, karin muryar da lanƙwasarta suna nan yadda suke. Na'ura ce ke yi mata amshi. A cire muryar, ginin ya zube.

Haka ma DJ Krush a faifansa Jaku na 2004. Ya gayyato Shuzan Morita mai shakuhachi da Shinichi Kinoshita mai shamisen, ya sassauta bugunsa har sarewa ta samu wurin numfashi. Mai son tsalle zai ce kiɗan ya yi sanyi. Gaskiya ne, amma farashin ladabi ke nan.

Saboda haka gaurayen ba laifi ba ne, al'adar da ta ƙi cuɗanya gidan tarihi ne makomarta. Abin tambaya shi ne wa ya sauka gidan wa. Inda mawaƙiya ce mai masauki, na'ura baƙuwa, gado ya ƙaru. Inda aka juya lamarin, sai a wayi gari shamisen ya zama tambarin talla, ana jin amonsa, ba a jin maganarsa.