Jinjina Ga Iyaye Mata Da Makitsa

Gashin yarinya mai cika da murɗewa ba ya son gaggawa. Uwa kan zaunar da 'yarta tsakanin ƙafafunta, ta tsefe tsohon kitso da tsinke, ta wanke, ta shafa man kaɗanya tun gashin na da danshi, sannan ta taje daga baki zuwa tushe don kada ya kakkarye. Makitsiya kuma ta tsaga, ta yarfa shuku ko kalaba, tana lallashi, tana sassauta hannu, domin jan kitso na cinye gashin goshi. A zaman nan ake gano kwarkwata da amosani da wuri. Ranar Sallah yarinya ake yabo, alhali haƙurin matan nan ne ya fito da ita. Allah Ya saka musu da alheri.