Mujallar African Affairs: Asalinta da Iyakar Fagenta

Duk malamin da ke koyar da sha'anin mulkin Afirka ya san mujallar nan ta African Affairs, amma kaɗan ne suka kula da yadda ta sauya kama. Asalinta yana komawa ga wata Baturiyar Ingila, Mary Kingsley, wadda ta zaga Afirka ta Yamma, ta rasu a Afirka ta Kudu cikin 1900. Don tunawa da ita aka kafa wata ƙungiya a London cikin 1901, ta fara buga mujalla mai suna Journal of the African Society. Cikin 1944 aka raɗa mata sunan da take da shi yanzu. Sau huɗu take fita a shekara, maɗaba'ar Jami'ar Oxford ke buga ta.

Da fari fagenta na da faɗi. Ma'aikatan mulkin mallaka da 'yan mishan da matafiya su ne yawancin marubuta, suna kawo labarin harsuna da al'adu da kasuwanci. Sannu a hankali malaman jami'a suka gaje su, mujallar ta karkata ga siyasa da tattalin arziki. An sami riba, gama hujja ta kori ji-ta-ji-ta. Har ma cikin 2016 ta buga wani binciken da ya nuna rabon marubuta mazauna Afirka ya ragu a shafukanta, abin da ba kowace mujalla za ta yi ba.

Amma fa an yi hasara. Siyasa da baki ake yinta, harshe kuwa ya zama baƙo a mujallar. A ɗauki kalmar talaka, wadda Jam'iyyar NEPU ta riƙe tun kafa ta a Kano cikin 1950. Ta haɗa marar sarauta da marar dukiya. Mai fassara da Ingilishi tilas ya zaɓi ɗaya, ya zubar da ɗaya. Haka kalmar sawaba, wadda ta zama taken NEPU, ta kuma zama sunan jam'iyyar Djibo Bakary a Nijar. Wanda bai ji Hausa ba, da wuya ya ga zumuncin nan.

Saboda haka ya kamata malaman kwalejojin horon malamai su sa ɗalibai su karanta ta, amma su ajiye Gaskiya Ta Fi Kwabo da waƙoƙin jam'iyyu kusa da ita, su riƙa gwada abin da aka faɗa da abin da aka fassara.