Fim ɗin Ip Man da abin da ya koya wa yaranmu game da kare kai



Tun bayan ƙaramar salla muka lura da wani sabon wasa a harabar makaranta. Da an tashi karatun la'asar, sai ka ga yara biyu sun tsaya gaba da gaba, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, hannu ɗaya a miƙe ɗaya a ƙirji, suna ta sakin naushi a iska da sauri. Da muka bincika, ashe wani fim ne na ƙasar Sin mai suna Ip Man, da aka ɗora wa fassarar Hausa, ke yawo daga talho zuwa talho. Ba mu so mu yi hukunci a kan abin da ba mu gani ba, don haka mu uku daga cikin malamai muka zauna muka kalle shi daga farko har ƙarshe. Ga abin da muka gani.

Fim ɗin ya fito a 2008, Wilson Yip ne ya ba da umarni, Donnie Yen kuma ya fito a matsayin Ip Man. Shi Ip Man mutum ne da ya rayu da gaske: an haife shi a garin Foshan a 1893, ya rasu a Hong Kong a 1972, kuma shi ne malamin Bruce Lee a salon faɗan da ake kira Wing Chun. Labarin ya nuna shi mai wadata, mai kawaici, har sojojin Japan suka mamaye garin, suka ƙwace gidansa, ya koma aikin gawayi don ciyar da iyali. Daga nan wani janar mai suna Miura ya riƙa kiran masu faɗan garin su kara da ƴan karatensa a kan ƙullin shinkafa.

Mu fara da abin yabo, domin akwai shi. Wuri mafi kyau a fim ɗin gaba ɗaya yana can farko, inda wani malamin faɗa mai suna Liu ya zo gidan Ip Man neman su gwada ƙwanji. Mai gida ya zaunar da shi aka ci abinci tukuna, sannan aka rufe ƙofa, aka kara. Ip Man ya rinjaye shi ba tare da ya ji masa ciwo ba, ya kuma yi alkawarin ba zai faɗa wa kowa ba. Wani yaro ne da ya hau itace ɗauko abin wasansa ya leƙo ya gani, ya kai labari gari. Wannan ladabi ne da ko a majalisar ilimi muna nemansa: ka ka da ɗan'uwanka a muhawara, ka rufa masa asiri. Da yaranmu wannan wurin suka kwaikwaya, da ba mu ɗauki alƙalami ba.

To amma ba shi suka ɗauka ba. Wurin da suke maimaitawa, har wasu sun yanko shi daban suna tura wa juna, shi ne inda Ip Man, cikin fushin kisan da aka yi wa Liu a gaban idonsa, ya ce a fito masa da mutum goma. Ya kuwa bi su ɗaya bayan ɗaya, ya karya wannan, ya danne wancan a ƙasa yana zuba masa naushi a fuska. Duk wanda ya kalli wurin nan a natse zai ga sirrin: mutum goman nan layi suke bi. Ɗaya ya shigo, tara suna zagaye suna jiran a gama da shi. Babu wanda ya rungume shi ta baya, babu wanda ya riƙe ƙafarsa. Sammo Hung, wanda ya tsara faɗace-faɗacen fim ɗin, gwani ne, kuma aikinsa shi ne ya sa abin ya yi kyau a ido. Rawa ce aka tsara, kowa ya san inda zai faɗi. A kan titi kuwa ba wanda zai jira ka.

Akwai ma wurin da ya fi wannan damunmu, ko da yake yara ba su kula da shi ba. Ma'aikatan masaƙar auduga, maza da mata da ba su taɓa faɗa ba, Ip Man ya jera su a fili yana nuna musu motsi suna bi, cikin ɗan lokaci sai ga su suna tsayawa gaban ƴan fashi. Saƙon da ke shiga kan yaro shi ne: ka haddace motsi, ka maimaita a iska, ka iya kare kanka. Wallahi wannan saƙon na iya kai mutum kabari.

Ba mu faɗi haka don ƙawata magana ba. Bara wani saurayi daga cikin masu salla tare da mu, mai ƙarfi, wanda ya ɗan koyi irin waɗannan motsi a bidiyo, wasu biyu a kan babur suka tare shi da dare suna neman talhonsa. Ya gyara tsayuwa irin ta fim. Bai ma ga wuƙar ba sai da ya ji ɗumi a hannu. Allah ya tsare ransa, amma ɗinki aka yi masa mai yawa, har yau yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa daidai, talhon kuma ya tafi. A fim ɗin nan Ip Man ya fuskanci mai takobi da ɗan sandan gashin kaza na kakkaɓe ƙura, masu kallo suna dariya. Mu da muka je dubiya asibiti ba mu yi dariya ba.

Su kansu mutanen Sin sun yi wannan muhawara a tsakaninsu, da hannu ba da baki ba. A 2017 a birnin Chengdu, wani mai horar da faɗan zamani na haɗe-haɗe, Xu Xiaodong, ya kara da wani malamin Tai Chi mai suna Wei Lei, wanda har talabijin ta taɓa nuna shi a matsayin gwani. Ba a yi rabin minti ba malamin yana ƙasa yana kare kansa. Abin ya ta da ƙura sosai, Xu ya sha matsin lamba daga hukumomi saboda ana ganin ya ci mutuncin al'ada. Ba muna cewa salon gargajiya banza ba ne. Bambancin mutanen biyu shi ne ɗaya ya shekara yana karawa da abokan horo masu ramawa da gaske, ya san ɗanɗanon naushi a jikinsa, ya san yadda numfashi ke ƙarewa. Ɗayan kuma ya saba da almajirai masu faɗuwa don girmama malam.

Wani ɗan Japan ya gano wannan tun da daɗewa. Jigoro Kano (sunansa ke nan, ba shi da alaƙa da Kanon Dabo) ya kafa makarantar judo a Tokiyo a 1882. Ya ware dabarun da suka fi haɗari ya ajiye su a gefe, ya bar waɗanda almajirai biyu za su iya gwadawa a kan juna da dukan ƙarfinsu kullum ba tare da an kashe kowa ba. A ido kamar ya rage wa faɗan kaifi ne, alhali ƙara masa ya yi, don dabarar da ba ka taɓa gwada ta a kan mai turjiya ba, ba taka ba ce tukuna. Ɗaliban nan sun san misalinsa: wanda ya haddace ƙa'idojin nahawu amma bai taɓa buɗe baki ya yi i'irabi gaban malam ba, ranar da aka tsayar da shi za a ji. Shi ma Bruce Lee, almajirin Ip Man, da ya je Amurka bai tsaya kan abin da ya gada ba: ya ɗauko daga dambe, ya sa almajiransa suna karawa sanye da kayan kariya. Fim ɗin ya ambaci sunansa a ƙarshe don ado, bai kawo wannan darasi ba.

Abin da ya ba mu mamaki shi ne muna da wannan hikima a ƙofar gida. Yaron da ya tashi yana kokowa a yashi bayan girbi, abin da yake yi ke nan: karawa da mai turjiya, da ƙa'ida, da alƙali, wanda ya faɗi ya tashi ya karkaɗe jiki. Tun 1975 ake gasar takobi ta ƙasa, kuma ba a taɓa ba wani takobi don ya iya motsi a iska ba. Abdul Razak Isufu Alfaga da ya ciyo wa Nijar azurfa a taikwando a Riyo a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017, da horo da karawa ya kai can. Waɗannan su ne na kusa, amma yaranmu sun tsallake su sun tafi Foshan.

Kuma ko Foshan ɗin ba haka take ba. Karawar da aka rufe fim da ita, tsakanin Ip Man da Janar Miura a dandali gaban jama'a, ƙirƙira ce. Tafiyarsa Hong Kong ma ba gudun Japanawa ba ce kamar yadda aka nuna: a 1949 ya tafi, shekara huɗu bayan an gama yaƙin, lokacin da ƴan kwaminis suka karɓi mulki, shi kuwa ya yi aikin ɗan sanda a ƙarƙashin gwamnatin da ta faɗi. Masu fim suna da ƴancin ƙaga labari, amma da yake sun sa sunan mutum na gaske, yaro ɗan shekara 12 yana ɗauka tarihi yake kallo.

Wani ɗalibi da muka tattauna da shi ya kare kansa da cewa ai addini ya yarda mutum ya kare ransa da dukiyarsa. Gaskiya ne, kuma an ruwaito Manzon Allah (SAW) ya yi kokowa da Rukana ya ka da shi. Sai dai malaman fiƙihu da suka yi maganar ture mai kawo hari sun ce a bi mataki-mataki: in magana ko ihu zai kore shi, ba a kai ga duka. Da yawansu kuma sun ce kare dukiya halal ne amma ba wajibi ba, mutum na iya sakin ta ya tsira da ransa. Dukan fuska an hana shi, shi ne kuma abin da yara suka fi sha'awa a wurin mutum goman nan. Shekaranjiya ma sai da muka raba wasu biyu, ɗaya leɓe a fashe.

Ba mu ce a hana yara koyon faɗa ba; jiki mai ƙarfi alheri ne, kuma yaron da ya sha kaye a filin horo yakan fi kowa gudun rigima, don ya san abin da ke cikinta. Uban da ɗansa ya matsa, ya je da ƙafarsa ya ga wurin horon. Ya duba ko ana karawa da kayan kariya a ƙarƙashin idon mai horarwa, ko ana haɗa yara daidai da nauyinsu, ko ana tsayawa in lokacin salla ya yi. Batun sunkuyawar gaisuwa da ake yi a karate da taikwando, a yi magana da mai horarwa tun ranar farko. Da yawansu musulmi ne, sun san zancen. Sannan ya tambaye shi abu ɗaya: in aka zaro wa almajirinka wuƙa a kan talho, me ka koya masa ya yi? In ya fara nuna maka yadda ake murɗe hannun mai wuƙa, ka kama hannun ɗanka ku koma gida.