Zanen da aka raba da ganga

Rubutun jikin kamyo a tashar Maraɗi, ko na bangon shago a Jiratawa, kirari ne da fenti. To kirari da kiɗa yake tafiya. Boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali: "gari" na zama da "gari" na tuwo rubutu guda ne. Kalangu kuwa karin yake bi, shi ya sa a Tibiri ake gane take tun maroƙi bai buɗe baki ba. Don haka ban yarda a baje zanen nan a zaure shiru ba, ko da gidan tarihin Boubou Hama ne a Yamai. A kira makaɗa, a biya su kamar masu zanen. In ba haka ba, wallahi rabin magana aka rataya.